Ya Bar Ni

Shekara goma sha tara Edita ya yi yana gyara wa mutane kalmomi a gidan jarida, har sunan aikin ya cinye sunansa na gaskiya. Matarsa Edita take ce masa, yayarsa ma haka, sai dai ita in ta faɗa akwai ɗan gatse a ciki. Aikin nasa a ido ba wani abu ba ne. Ɗan rahoto ya kawo labari ya rubuta "an ƙona kasuwa", Edita ya ɗago kai ya tambaye shi ko ya ga wanda ya ƙyasta ashanar. Bai gani ba? To, kasuwa ta ƙone. Wani ya rubuta "shugaban hukuma ya sauka", Edita ya ce a koma a bincika, domin akwai wanda ya sauka akwai wanda aka sauke, dukansu ƙasa suka dawo amma ba ciwo ɗaya suke ji ba.

Yana da wani wasa da yake yi wa duk sabon ma'aikaci a makonsa na farko. Sai ya rubuta rabin jimla a takarda, "Direba ya tsorata fasinja saboda...", ya miƙa ya ce a ƙarasa. Kowa da direban yake ƙarasawa: gudu yake yi, ko gyangyaɗi, ko ya sha wani abu. Sai Edita ya juya takardar ya rubuta, "Direba ya ji tsoron fasinja saboda..." Nan take laifi ya tashi ya koma kujerar baya. Mutanen ba su canja ba, motar ma ita ce, kuma ba a ƙara wa kowa hujja ko ɗaya ba. Daga nan sai ya jingina da kujera ya ce kalmar aiki ba ta zuwa ita kaɗai, da yatsa take zuwa, mai karatu kuma inda yatsan ya nuna nan yake kallo. Yana jin daɗin faɗin wannan magana fiye da yadda ake jin daɗin saurarenta.

Wata Talata da hantsi, yana cikin rage tsawon kanun wani labari, Yaya ta kira shi.

"Baba ya faɗi. Muna hanyar asibiti."

Ko a cikin firgici kunnensa bai fasa aikinsa ba. Ya faɗi. Babu kowa a cikin maganar daga Baba sai ƙasa. Kafin ya sami wurin ajiye mota a asibitin Yaya ta sake kira, yanzu kuma Baba suɓuce wa Dogo mai jinyarsa ya yi. Yana hawa matakala matarsa ta kira, ta ce ta ji wai Dogo ne ya saki Baba. Cikin minti arba'in faɗuwa ɗaya ta taso daga ƙasa ta hau hannun mutum, alhali a cikin masu ba da labarin babu wadda take ɗakin lokacin da abin ya faru.

Baba shekara talatin da ɗoriya ya yi yana raba wasiƙu da ƙafa. An taɓa ba shi keke, ya mayar, ya ce yana sa shi wuce gidaje. Bayan ya yi ritaya ma bai iya zama ba, in ya ce zai leƙa bakin titi sai a ba da labarin an gan shi a ɗaya gefen gari. Wata takwas da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta yi nauyi, baki ya karkace, magana ta ragu ta koma kalma biyu, uku in ranar ta yi kyau. Yaya ta ɗauke shi ta kai gidanta, ta ba shi ɗakin da ke kusa da falo, ta kafa doka guda ɗaya: muddin Baba yana tsaye, hannu ba ya barin ɗamarar da ake ɗaura masa a ƙugu.

Dogo shi ne hannun. Wani kamfani mai tura masu jinya gidaje ne ya turo shi. Mutum ne da ya haura hamsin, ya daɗe yana tura gadajen marasa lafiya a asibiti kafin ya koma aikin gida-gida, kuma ba shi da yawan magana. Shi ke yi wa Baba wanka da aski, ya juya shi a gado, ya ba shi shayi da cokali. Shi kaɗai ne kuma yake gane abin da Baba ke nufi tun kalmar ba ta gama fitowa ba.

Edita ranar hutu yake zuwa. Ya zauna rabin awa a gefen gado, ya tambayi jiki, ya duba waya, ya sake tambayar jiki. Yana son mahaifinsa, wannan babu ja. Amma ɗakin yana ba shi tsoro, kuma yakan ji wani sauƙi a ransa duk lokacin da ya rufe ƙofar mota, sauƙin da yake jin kunyarsa har ya kai gida.

A asibiti ya tarar an yi wa Baba ɗinki huɗu a goshi. Hannun hagu kuma, mai lafiyar, ya karye a wuyan hannu, an yi masa ɗori. Yaya tana tsaye a kansa. Shugabar makarantar firamare ce, ko a ɗakin marasa lafiya da muryar taron safe take magana.

"Baba, kana ji na? Me ya faru?"

Baba ya daɗe yana tattara bakinsa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ya... bar ni."

"Wa? Dogo?"

Ya gyaɗa kai. "Ya bar ni. Ƙofa."

Yaya ta juyo ta dubi ƙaninta. "Ka dai ji da kunnenka. Ya bar shi a bakin ƙofa ya tafi sha'aninsa."

Tun da fuskar Baba ta karkace ba a iya karanta ta. Ɓari ɗaya yana motsi ɗayan yana kwance, in ya yi murmushi da in ya ji zafi kusan abu ɗaya ake gani. Ya sake cewa "ya bar ni", da ɗan ƙarfi wannan karon, har yana ƙoƙarin ɗaga kai daga matashi. Yaya ta shafa kafaɗarsa ta ce ya kwantar da hankalinsa, an ji, kuma ba za a sake ba.

Dogo yana zaune a benci a baranda, jinin goshin Baba ya bushe a gaban rigarsa. Da ya ga Edita ya miƙe.

"Yallaɓai, ya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Kana ina lokacin da ya faɗi?"

"Ina bayansa. Taku ɗaya tsakaninmu."

"Kana riƙe da ɗamarar?"

"A'a."

"Ka sake shi ke nan."

"Ban sake shi ba, yallaɓai. Tun daga bakin gado ban riƙe ba. Barinsa na yi."

Edita ya ce bai ga bambancin ba, ko da yake ya gani sarai. Dogo ya yi masa bayani a hankali, yana kallon tafin hannunsa. Mako uku ke nan, da an tsayar da Baba sai ya ce "bar ni". Da farko ya ɗauka fushi ne irin na mai ciwo, wanda ya gaji da a taɓa shi. Daga baya ya lura duk sanda Baba ya faɗi haka idonsa yana kan ƙofa. Ranar farko da ya ɗauke hannu, Baba ya tsaya shi kaɗai, bai taka ba, amma ya yi dariya har da sauti. Washegari taku biyu. Suka kai huɗu, suka yi kwana uku a kan shida. Daga gado zuwa ƙofa taku goma sha ɗaya ne, irin takun Baba na yanzu.

"Yau ya yi tara," in ji Dogo. "A na goma ƙafar ta sarƙe da gefen darduma. Na kai hannu, riga na kamo, ba shi ba."

"Me ya hana ka gaya wa wani tun farko?"

Dogo ya dube shi, ba kallon tuhuma ba, irin kallon mai tuna wa mutum inda ya ajiye makullinsa.

"Ai na gaya maka, yallaɓai. A bakin mota. Ka ce in yi yadda na ga ya dace. Malama yayarka ce ban gaya wa ba, don na san amsarta."

Edita ya tuna. Ya tuna ƙofar mota a buɗe, da saƙon ofis da yake amsawa, da Dogo a ɗan sunkuye yana wata magana a kan Baba da takawa. Ya tuna har da yadda ya ji daɗi da ba wata matsala aka kawo masa ba. Ya ce wa Dogo ya je gida ya canja riga, za a neme shi.

Bayan kwana biyu kamfanin ya aiko da fom. Ƙa'idarsu ce, duk lokacin da mara lafiya ya ji rauni a hannun ma'aikacinsu, iyali su rubuta abin da ya faru, su kuma su duba su yanke ko zai ci gaba da aiki da su. Kafin nan an dakatar da Dogo. Yaya ta shimfiɗa fom ɗin a teburin cin abinci, ta ajiye biro a kai, ta tura wa ƙaninta.

"Kai ne mai alƙalami. Rubuta ya yar da shi."

"Bai yar da shi ba, Yaya. Ba ɗauke da shi yake ba."

"To ya kayar da shi."

"Kayarwa sai da turawa."

"Kada ka yi mini aikin jarida a gidana. Wata takwas ina kwana ina tashi da tsohon nan, kai kana leƙowa kamar mai karanta mitar wuta. Na ce kada a ɗauke hannu. An ɗauke. Wa ya ba shi izini?"

Nan ne wurin. Amsar kalma ɗaya ce, gajera, kuma tana kan harshensa. Ya dubi yayarsa, idonta ya yi ja don rashin barci, jijiyar wuyanta tana motsi, ya san idan ya faɗa zai ji abin da ta yi wata takwas tana haɗiyewa, kuma duk gaskiya ne. Tsoro ya kama shi, irin wanda yake ji tun yana ɗan makaranta in ta kira shi da cikakken suna. Sai ya ce bari ya karanta fom ɗin da kyau tukuna.

Layi uku aka bari a ƙarƙashin tambayar "Me ya faru?" Ya gwada jimlolin a kansa ɗaya bayan ɗaya, yadda yake gwada kanun labari. "Mara lafiya ya nemi a ƙyale shi ya taka, mai jinya ya ƙyale shi da yardar ɗansa." Gaskiya ce cikakkiya, amma ya ga inda yatsanta ya nuna. "Mara lafiya ya faɗi." Ita ma gaskiya ce, sai dai Yaya ba za ta sa hannu a takardar da babu mai laifi a cikinta ba. Yana cikin haka maganar Baba ta faɗo masa, a shirye, ba ta buƙatar gyara. Ya ɗauki biro ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa: "Mai jinya ya bar mara lafiya, ya faɗi. Mara lafiya da bakinsa ya ce: ya bar ni."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Dogo da kansa ya ce barinsa ya yi. In wani ya karanta ya ga mutum ya fice daga ɗaki ya bar tsoho a tsaye, wannan tsakaninsa da karatunsa ne. Haka Edita ya gaya wa kansa, shi da ya shekara goma sha tara yana koya wa mutane cewa mai karatu ba shi da laifi. Waƙafin nan ma da ya ɗiga bayan "mara lafiya" ya san aikin da zai yi. Ya raba barin da faɗuwar, ya buɗe tsakaninsu ɗan fili wanda ya isa mutum ya fita tsakar gida ya amsa waya ya dawo.

Yaya ta karanta sau biyu. "Ka yi masa sauƙi," ta ce, ta sa hannu a ƙarƙashin nasa.

Cikin mako guda kamfanin ya cire Dogo daga jerin ma'aikatansa. Sakaci, haka suka kira abin. Ya zo gidan ya kwashe kayansa, silifas da reza da kofinsa na ƙarfe, lokacin Baba yana asibiti ba a sallamo shi ba. Edita ya san ranar, ya kuma sami aikin da ya riƙe shi a ofis. Yaya ta ce mutumin ya gaishe ta, ya tambayi jikin Baba, bai roƙi komai ba. Saƙo ɗaya kawai ya bari, wai a ɗauke dardumar nan daga ɗakin. Ta ce ji ƙarfin hali, amma kafin Baba ya dawo dardumar ta koma falo.

Sabon mai jinyar da aka turo ƙato ne mai bin doka, kuma an ba shi labarin wanda ya gada. Da hannu biyu yake riƙe ɗamarar. In ya tsayar da Baba, kusan a sama yake riƙe da shi, ƙafafun suna shafar ƙasa don ladabi kawai. Baba ya ce "bar ni", shi kuma ya ce, "Yi haƙuri, Baba, an hana." Ba mugu ba ne, yana yi masa wanka da kyau, yana kunna masa rediyo. Kwana goma Baba ya yi yana maimaita kalmarsa, daga nan ya daina. Sai ya daina dogara nauyinsa a kan ƙafar. Kafin a kwance ɗorin hannu an sayo kujera mai taya, don ta fi sauƙi ga kowa.

Abu ɗaya ne bai daina ba. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya ce, "Dogo?" Yaya kuma ta ce, "Ya yi tafiya, Baba."

Ranar da aka mayar da shi ganin likita, likitan ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe ta, ya danna cinya, ya duba kati. Ya ce abin ya ba shi mamaki, domin zuwan da ya wuce ƙafar nan tana dawowa, har ya rubuta. Ya tambaya wa yake motsa masa jiki a lokacin. Yaya ta ce faɗuwar ce ta mayar da shi baya. Edita yana tsaye a bayan kujerar ya ji jimlar ta wuce, mai kyau, an sami dalili kuma babu mutum a ciki. Da a ofis ne da ya mayar wa mai ita. A nan tura kujerar kawai ya yi.

Ya yi mako biyu abin yana cin sa. Yana cin abinci, yana zuwa aiki, yana tambayar 'yan rahoto wa ya ƙyasta ashana, amma muryarsa ta daina yi masa daɗi. Wata Alhamis da azahar ya ajiye aikin ya nemi ofishin kamfanin. A hawa na biyu yake, a saman wani kantin magani, ɗaki ɗaya da fanka da durowar fayil. Wata mata mai tabarau tana bayan tebur tana cin biskit.

"Na zo ne in gyara wani abu a fom ɗin da muka cike."

Ta karkaɗe hannu, ta nemo fayil ɗin, ta karanta layin a fili ba tare da ta sa masa wani nauyi ba.

"Wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu."

"To me za a gyara?"

Edita, wanda kalma ba ta taɓa yi masa gardama ba, ya tsaya yana lalube. Ya ce bari iri biyu ne. Akwai barin da mutum zai tafi ya bar ka, akwai barin da zai ƙyale ka ka yi abin da kake so. Na biyun ne ya faru. Tsohon ne ya roƙa, mai jinyar yana bayansa taku ɗaya, kuma da Baba ya ce "ya bar ni" ba ƙara yake kaiwa ba, labari yake bayarwa, labari mai daɗi ma.

Matar ta cire tabarau ta dube shi.

"Malam, mu uku muka karanta takardar nan, abu ɗaya muka fahimta. Mun kira shi muka ce, ka bar shi? Ya ce ya bar shi. Muka ce, kana riƙe da shi? Ya ce a'a. Me ya rage?"

"Bai gaya muku da izinina ya yi ba?"

Ta sake duba fayil ɗin, ta juya shafi. "Bai ambace ka ba."

Wannan ta fi komai yi masa ciwo. Da Dogo ya tona shi an ƙi yarda, da ya sami wanda zai ɗan raba laifin da shi. Ya tambaya ko zai iya rubuta sabon bayani. Ta ce zai iya, amma sai duk waɗanda suka sa hannu a na farko sun sa a na biyu. Ta ƙara da cewa kada ya sa rai da yawa. Gida biyu sun riga sun tambayi labarin Dogo an gaya musu abin da ke fayil, lambarsa ma ba ta shiga, ta ji an ce ya bar garin. Kuma ko an mayar da sunansa, na farkon ba a yage shi, a bayansa ake manna na biyun.

Ya karɓi sabon fom. A tsaye ya cike shi a kan durowa, layi ukun ba su isa ba ya juya baya. Ya karanta abin da ya rubuta, ya ga dogo ne, babu kyau, "ni" ta fito sau biyar. Ya ninke ya sa a aljihu ya nufi gidan Yaya tun ƙarfin halinsa bai huce ba.

Yaya ba ta taso daga makaranta ba. Mai jinyar ya buɗe masa ƙofa, ya ce ya zo a daidai, da ma yana so ya je karɓo magani. Edita ya shiga ɗakin shi kaɗai. Baba yana kan kujerarsa a gefen gado, yana fuskantar taga. Hannun da aka kwance wa ɗori ya rame ya yi fari. Ƙasan ɗakin tayil ne tsirara daga gado har ƙofa.

"Baba, sannu da hutawa."

Baba ya juyo da kai a hankali. "Dogo?"

Kalmomin suna nan a jere, a shirye: ya yi tafiya, ya bar aiki, an sallame shi. Edita ya zauna a bakin gado ya zaɓi ta ƙarshe, yana ganin ya yi ƙoƙari.

"An sallame shi, Baba."

Baba ya daɗe yana aiki da bakinsa. Leɓen ya yi rawa, ya tsaya, ya sake farawa.

"Saboda?"

Tun da ya kwanta ciwo Edita bai taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Ya ji kansa kamar sabon ma'aikaci da aka miƙa wa rabin jimla, ana jira. Ya dubi tayil.

"Saboda ni, Baba. Ya gaya mini kana so ka taka, na ce ya yi yadda ya gani. Da ka faɗi na ji tsoron Yaya. Na rubuta musu takarda yadda za su ɗauka fita ya yi ya bar ka. Da maganarka na yi amfani."

Baba ya ɗaga ramammen hannun, ya buɗe yatsu biyar, ya rufe, ya buɗe huɗu.

"Tara."

"Na sani. Ya gaya mini. Saura biyu ka kai ƙofa."

Hawaye ya zubo wa Edita, bai share ba. Ya durƙusa gaban kujerar ya ce ya rubuta wata takardar, tana aljihunsa, yau zai gaya wa Yaya komai. Ya ce za a nemo Dogo duk inda yake. Ya ce kafin nan shi zai riƙa zuwa kullum, su fara daga farko, ko tsayuwa ce kawai. Yana magana yana ɗora hannu a kan ɗamarar.

"Bari in tsayar da kai yanzu, Baba. Zan tsaya a bayanka, taku ɗaya, yadda yake yi."

"Bar ni," in ji Baba.

Murna ta kama Edita. Ya ɗauke hannu da sauri, ya juya kujerar tana fuskantar ƙofa, ya danne birkinta, ya zaga baya ya tsaya da hannuwa a buɗe, a shirye yake ya fara ƙirga. Ya jira. Ƙafafun Baba ba su motsa daga matakin kujerar ba. Ya ƙara jira, fankar sama tana juyawa, wata mota ta wuce a titi. Sai ya leƙo ta gefe don ya ga ko taimako ake so.

Baba ba ƙofa yake kallo ba, shi yake kallo. Da ya tabbatar sun haɗa ido, sai ya ɗaga haɓa ya nuna masa ƙofar.

"Bar ni," ya sake cewa, sarai, babu rawar baki ko kaɗan.

Edita ya tsaya ɗan lokaci ko za a ƙara wata kalma. Ba a ƙara ba. Ya gyara wa mahaifinsa bargon da ya zame, Baba ya kawar da kai zuwa taga. Ya juya ya tafi, kuma ko da bai yi niyya ba sai da ya ƙirga. Daga kujerar zuwa ƙofa, shi taku biyar kawai ya yi.